Dilkar Inna Tabawa

"Rabi! Ke Rabi! Zo ki sauke mini tukunyar nan, za ta ƙone!"

Ina tsugune gaban firigo ina jera ledojin ƙanƙara na ji kiran. Na fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Inna Tabawa tana zaune kan 'yar kujera a ƙofar ɗakinta, gaban murhun gawayi, ta kama kunnen tukunya da tsumma amma ta kasa ɗagawa. Tukunyar ma wace iri? 'Yar mitsitsiya ce, ko ɗan yaye zai ɗauka. Sukari ne da ruwan lemun tsami suke tafarfasa a ciki, sun yi ja, saura ƙiris su koma baƙi.

Na sauke, na ce, "Haba Inna, yau kuma 'yar wannan ce ta gagare ki? Ke da kike sauke tukunyar biki ke kaɗai?"

"Hannun ne ya yi sanyi," in ji ta. "Juye a faranti, ki bar surutu."

Na juye, na kai inuwa don ta huce. Halawa ke nan, wadda ake murzawa a manna a fata a fizge, ta tafi da gashi da dattin da sabuni ya bari. Na daɗe ina ganin Inna Tabawa tana dafa ta, ban taɓa ganin ta nemi hannun wani ba sai ranar.

Gida ɗaya muke haya a Lazaret, bayan kasuwa, ƙofarta tana kallon tawa. Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Yamai, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo in kuran, wato lantarki, ya ga dama ya zauna. Ita kuwa 'yar Damagaram ce. Mijinta direba ne a wani sarwis na gwamnati, ya rasu tun kafin mu tare a gidan. Sana'arta gyaran amare. Daga Lazaret har Yantala, har can bakin kogi wajen Gaweye, in yarinya za ta yi aure sai a kawo ta wajen Inna Tabawa ta yi kwanaki ana murza ta. Kuma ba ta taɓa sayen kwalbar mai a bitik, wato kanti, ba. Duk kayanta daga madafa suke fitowa: garin gero, kurkur, kanumfari, ɓawon lemu da ta shanya ta daka, kindirmo, zuma, man kaɗanya. Ta kwaɓa, ta turara a kan garwashi, ya zama dilka. Nakan tsokane ta in ce, "Inna, amarya za ki gyara ko fura za ki dama?" Ta ce in yunwa nake ji in ɗauko ludayi.

Amma amaryar wannan karon ba 'yar mutane ba ce. Ramatou ce, 'yarta, wadda ke koyarwa a wata lakwal, makarantar boko. 'Yar fari, kuma ita ke nan, Allah bai ba ta wata ba.

Kun dai san kunyar ɗan fari. To ta Inna Tabawa ta wuce ta kowa. Ana yaye Ramatou aka miƙa ta ga kakarta a Damagaram, ba ta dawo wajen uwarta ba sai da ta zama budurwa za ta shiga jami'a. Duk zaman da muka yi, ban taɓa jin sunan ya fito daga bakin Inna ba. "Waccan" ce, ko "yarinyar nan". Ko amarya aka kawo mai suna Ramatou, sai ta ce "mai sunan waccan". Suna zaune su biyu a tsakar gida, gwiwa kusa da gwiwa, amma in saƙo za ta bayar ni take kira: "Rabi, ce wa yarinyar nan ta kwashe shanya." In ce, "Inna, kurma ce?" Ta yi kamar da bango nake magana.

Shi ya sa da aka sa ranar auren Ramatou da Abdoulkarim, wani abokin aikinta, kowa ya ɗauka wata za a nema ta yi gyaran. Sai Inna ta ce ita za ta yi. Gwaggo Khadija, ƙanwar marigayi mijinta, ta bugo waya daga Damagaram, muryarta har ɗakina.

"Tabawa, tsufa ne ya sa kika zubar da kunya? Ina aka taɓa yi? Uwa ta zaunar da 'yar fari tana murza ta?"

"Na murza 'ya'yan mutane har hannuna ya sake launi," in ji Inna. "Wannan ma ni zan yi."

Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin tabarma. Ni dariya na yi a lokacin. Sai da aka fara aikin na gane abin da take nufi. Matar nan rabon da ta taɓa jikin 'yarta tun tana goye, kuma ga shi za a ɗauke ta. Ba ta da wata hanyar da za ta taɓa ta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, sai wannan. Aiki ne ai, wa zai ce wani abu?

Ni aka ba riƙon kwano, don kada a ce su biyu ne kaɗai a ɗaki. Da hantsi, kafin rana ta fara dukan kwanon rufi, sai a shimfiɗa leda kan tabarma, Ramatou ta kwanta da ɗaurin ƙirji. Inna tana da tsarinta da ba ta sauyawa ko amaryar 'yar wa ce. Ƙafafu da farko, sannan baya, sannan wuya da fuska. Hannuwa kuwa sai ranar ƙarshe, ana gobe lalle. Ta ce amarya ko an hana ta aiki sai ta saci wanke-wanke, in aka gyara hannu da wuri ɓarnar kurkur ce kawai.

Ranar farko aka fara da ƙafafu. Ramatou ta sandare kamar wadda za a yi wa allura, ta kafa ido a rufin ɗaki. Da 'ya'yan mutane Inna ba ta da tausayi ko kaɗan. Takan murje su har su yi ƙwalla, tana faɗa: "Wannan kaushin a dunduniyarki, noma kike yi?" Amma a nan sai na ga hannun yana tafiya a hankali, yana komawa inda ya riga ya wuce.

Na ce, "Inna, dunduniyar nan ai ta gyaru tun ɗazu."

"Ke kika iya ko ni?"

Na ci gaba da riƙon kwanona. Da aka gama, Ramatou ta shigo ɗakina ta zauna, na ba ta zoɓo mai sanyi. Ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Tanti Rabi," ta ce, "ashe hannunta da laushi."

Sai na ce ta gyara zama kada ta ɓata mini kujera da kurkur.

A kwanakin nan ne Inna ta daina cin abinci. Ta ce zafi ne, kuma gaskiya bazarar ta yi tsanani, kowa ruwa kawai yake ɗirka. In ta daure ta ci, sai ya dawo. Ta rame. Kuma ta koma ruwan ɗorawa, fuska, wuya, tafin hannu. To amma wa zai kula? Mace ce da ta yi shekara da shekaru hannunta cikin kurkur. Tunda na san ta faratanta ruwan ɗorawa ne, zannuwanta haka, har marfin butarta. Matan gidan ma tsokanarta suke yi. Wata Bazabarma da ke ɗakin ƙarshe ta tsaya da bokiti a ka ta ce, "Inna Tabawa, auren 'yarki ne ko naki? Kin fi amarya haske!" Duk muka kwashe da dariya, har da ita. Kowa a gidan ya ɗauka ragowar dilka take shafawa a ɓoye saboda biki.

Ranar da aka zo kan fuska, an ɗauke kuran tun safe. Ɗakin ya yi duhu, ya yi zafi, sai muka ɗage labule muka jawo tabarma bakin ƙofa. Ramatou ta kwanta rigingine ta ɗora kai a cinyar uwarta, don haka ake yi. Inna ta sunkuyo tana shafa mata zuma da kindirmo a goshi. Amare rufe ido suke yi a nan. Ramatou ba ta rufe ba. Ina jin tunda take ba ta taɓa ganin fuskar uwarta kusa haka ba, sai ta tsaya tana kallo.

Can ta ce, "Tanti Rabi."

"Na'am."

"Zo ki duba idon Inna."

"Rabi, ce wa yarinyar nan ta rufe baki, abin zai zuba."

Na ajiye kwano na leƙa. Farin idon babu sauran fari. Ya koma kamar gwaiduwar ƙwai.

Ramatou ta tashi zaune, zuma tana gangaro mata ta gefen hanci. "Tanti," ta ce, "kurkur ba ya shiga ido."

Nan take ta kira kawunta Halidu, ƙanin Inna, da ke zaune a Yantala. Kafin mu gama wanke mata fuska ya iso da mota. Inna ta ce ba inda za ta. Ciwon shawara ne kawai, a dafa mata rai-ɗore ta sha, gobe ta miƙe.

"Yaya," in ji Halidu, "wallahi ko ki shiga da ƙafarki, ko in ɗauke ki a gaban jama'a."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta yafa mayafi. Amma sai da ta tsaya ta sa na rufe kwanon dilka da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa mata shi cikin firigo kusa da zoɓona, wai zai ɗauki wari. Na ce zoɓon nawa ne mai wari? Ta wuce ta shiga mota.

A likita, wato asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Muka yini kan benci. Da la'asar dokta ya kira Halidu da Ramatou ciki, ni na zauna da Inna. Ta ɗora kai a bango tana kallon takalman masu wucewa. Da Ramatou ta fito, fuskarta tana ta sheƙi saboda zumar safe, babu hawaye ko ɗigo. Ta ja ni gefe.

"Hanta ce, Tanti. Ya ce ta daɗe. Ya ce babu abin da za a yi yanzu."

"Babu kamar yaya?"

"Ya ce a kwantar da ita a sa mata serom, ƙarin ruwa. Ba don ta warke ba. Don ta ji sauƙi, ƙila ta ɗan ƙara kwana."

Na ce, "To." Abin da ya fito daga bakina ke nan. Na sha jin mata suna cewa gabansu ya faɗi, ni nawa bai faɗi ba, shiru kawai na ji a cikina. Na koma na zauna kusa da Inna, na gyara mata mayafin da ya zame.

Aka ba ta gado a ɗaki mai cike da mata, kowace da masu jinyarta da kwanukansu. Kullum da rana nakan kai kunu, in dawo da shi yadda na kai. Ramatou ba ta gusa daga gefen gadon. Ranar biki kuwa sai matsowa take yi, ba mai zancenta.

Wata rana na shiga na tarar Halidu yana nan. Inna ta buɗe ido ta ce, "Rabi, yau wace rana?"

Na faɗa mata.

Ta motsa leɓe tana lissafi. Sannan ta ce, "Saura hannuwa."

"Inna, don Allah ki bar zancen hannuwa."

"Dilkar tana nan?"

"Tana nan. In kin matsu, gobe in kawo kwanon nan ki yi abinki a kan gado."

Ta juyo da idanun nan nata ta dube ni, ta dubi matan da ke ɗakin. "A gaban jama'a? Ke Rabi ba ki da hankali."

Sai Ramatou ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta ɗaga wa uwarta murya ba, ko kallon ido ba ta yi mata. Ranar ta yi.

"Inna, ba na so! Wallahi ba na son dilkar. A fasa bikin ma gaba ɗaya. Ki zauna a nan a sa miki ruwa, shi kaɗai nake so."

Inna ta juya fuska bango. "Rabi, ce wa yarinyar nan ban taɓa barin aiki a tsakiya ba. Ba a kanta zan fara ba."

Ban faɗa ba. Ai ta ji.

"Halidu," in ji Inna, fuskarta na bango, "ni na goye ka. Ka kai ni gida."

Halidu ya fita. Ta taga ina hango shi tsaye ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, hularsa a hannu, ƙaton mutum da furfura. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo tare da dokta ya dawo. Doktan ya faɗa mata gaskiya a fili, ya ce in aka cire ruwan nan jikinta ba zai daɗe ba. Ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri. Ta miƙa hannu a cire allurar.

A mota Ramatou ta zauna gaba, ba ta waiwayo ba har muka iso Lazaret. Haushi take ji, na sani, ni ma ina jin sa. Inna tana jingine a kafaɗata, ba ta fi nauyin ƙunshin wanki ba.

Washegari da hantsi na hura gawayi. Ni na dafa halawar, Inna tana kwance daga ciki tana ba ni umarni da 'yar muryar da ta rage mata. "Rage wuta. Ɗiga a ruwa ki gani. Bai yi ba. Ke dai Rabi gaggawa gare ki." Na ɗumama dilkar, na yayyafa mata ɗan kindirmo ta yi laushi. Muka tayar da Inna zaune, muka tokare ta da matasai a bango.

Ramatou ta shigo da ɗaurin ƙirji, idanunta a kumbure. Ta zauna a gabanta ta miƙa hannun dama.

Inna ta gutsuro halawa ta manna daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ta ja, halawar ba ta taso ba. Ta sake ja. Na kai hannu in taimaka, ta buge mini yatsu. Duka ne da ko sauro ba zai kashe ba, amma na janye. Ta riƙa yi ɗan kaɗan-kaɗan, ta manna, ta huta, ta fizge, ta huta. Aikin da take gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da inuwar katanga ta janye daga ƙofar ɗaki.

Sannan ta ɗebo dilka. Ta fara daga kafaɗa, ta gangaro. Ta murza gwiwar hannu, ta juya shi, ta bi cikin damtse. Gumi yana tsattsafo mata a goshi, numfashinta yana fita da ƙara. Da ta iso wuyan hannu ta ciki sai ta tsaya. Ta goge wurin da babban yatsa, ta matso da ido.

"Rabi, tambaye ta wannan tabon na mene ne."

Ramatou ba ta jira ni ba. "Ƙuna ce, Inna. A Damagaram. Ina ƙarama na faɗa kan kaskon ƙosan Kaka."

Inna ta ƙura wa tabon ido. Ɗan ƙarami ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Ba a faɗa mini ba," ta ce.

"Ya daɗe, Inna."

"Kin yi kuka?"

Na ɗago kai. Ba ta ce Rabi ba. Ita ta tambaya, kai tsaye.

"Na yi," in ji Ramatou.

Inna ta gyaɗa kai. Ta ɗebo wata dilkar ta ɗora kan tabon, ta yi ta murzawa a hankali, ta daɗe a wurin. Daga nan ta bi tafin hannu, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har gefen farce. Ta sa na miƙo ruwan ɗumi ta ɗauraye, ta shafa man kaɗanya. Hannun ya fito sumul, yana ɗaukar ido. Ni da na ga amare iri-iri a ɗakin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi kyau kamarsa ba.

"Bari in ɗan kishingiɗa," in ji Inna. "Sai ɗayan."

Muka zame matasan, ta kwanta ta gefe, hannuwanta duk dilka, ta ce kada a wanke, ai yanzu za ta tashi. Na ji tana salati ƙasa-ƙasa. Ramatou ta gyara zama, ta ɗora hannun hagu a kan gwiwarta, a miƙe, tana jira. Ni ina riƙe da kwano.

Muka zauna. Daga waje ana jin hayaniyar kasuwa, da ƙarar kurar mai ga-ruwa, da wata mata da ke ciniki da Zabarmanci a bakin ƙofar gida. Zafi ya sauko. Aka kira azahar a masallacin unguwa. Ƙuda ya sauka a leɓen Inna, na jira ta kore shi, ba ta kore ba.

Na ajiye kwanon. Na ce, "Inna." Na taɓa ƙafarta. Na matsa na sa kunci kusa da hancinta.

"Tanti, barci ta yi?"

"A'a."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shafe mata ido, na ja zane na rufe ta. Ramatou tana nan yadda take, hannun hagu a miƙe kan gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. A daidai lokacin aka dawo da kuran, na ji firigona ya tashi daga can ɗakina, kuma wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne ƙanƙarata za ta kama. Na tashi na fita tsakar gida na faɗa wa mata.

Bayan la'asar aka kai ta. Gidan ya cika, tabarmi har bakin titi. Masu cewa "ya haƙuri" suna cewa, maƙwabta Zabarmawa suna "fonda tilas", ni ina amsawa ina zuba ruwa a buta. Washegari motar 'yan biki ta iso daga Damagaram. A hanya labari ya same su. Suka shigo da kuka, da kwallaye cike da alkaki da nakiya da dubulan da aka yi don biki. Ba a san yadda za a yi da su ba, sai aka riƙa zuba wa masu gaisuwa a faranti. Mutane suna ci suna addu'a.

Maza suka zauna a waje suka yi shawara. Abdoulkarim ya ce shi zai jira, ko shekara ce. Halidu ya ce a'a, dangi sun riga sun taru, kuma Yaya ba don a ɗage ta baro gadon likita ba. A ɗaura ranar sadakar uku, ba kiɗa, ba taro, a kai yarinya ɗakinta. Aka aiko a tambayi Ramatou. Ta ce duk yadda suka yi.

Da safiyar ranar, bayan an shafa fatiha, muna ɗakin Inna muna shirya ta. Gwaggo Khadija ce ke ɗaura mata zane. Tun da ta iso ba ta daina kuka ba, amma idonta yana nan da kaifinsa. Ta kama hannuwan Ramatou biyu ta jera su a haske.

"La ilaha illallahu! Wannan kuma fa? Ɗaya kamar na jariri, ɗaya kamar na mai surfe? Haka za a kai ta gidan miji?" Ta juyo gare ni. "Ke Rabi, ke kika ga yadda take yi. Ɗauko kwanon ki ƙarasa, tun motoci ba su zo ba."

Gaskiyarta ne, bambancin a fili yake. Na dama sumul, babu gashi ko ɗaya. Na hagu yana nan yadda Allah ya yi shi, da gashinsa, da baƙin gwiwarsa. Na ɗauko kwanon daga bayan ƙofa na ɗage ƙyallen. Dilkar ta ɗan bushe a sama, ga sawun yatsun Inna a inda ta yi ɗiban ƙarshe. Na yayyafa ruwa, na zauna gaban Ramatou, na ce, "Kawo, 'yata. Ba zan iya kamar ita ba, amma zan kwatanta."

Ta dubi kwanon. Ta dube ni.

"Tanti, a bar shi."

"Ke yarinya," in ji Gwaggo Khadija, "mutane za su gani fa."

"Su gani, Gwaggo."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, muryarta a kwance take. Gwaggo ta sake duban hannun daman. Ta ja gefen mayafi ta toshe baki ta fita tsakar gida. Na mayar da ƙyallen kan kwano. A nan ne na ji kuka ya taso mini, karo na farko tun ranar, amma hawayen bai zo ba.

Da yamma motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. Ba guɗa, ba waƙa. Mata suka jeru a zaure suna "Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya jiƙan Inna," duk a numfashi ɗaya. Ni na fito da ita, lulluɓe da farin mayafi, muka ratsa ta tsakanin tabarmin masu zaman makoki. Halidu ya buɗe ƙofar baya ya koma gefe.

Na miƙa hannu in kama na damanta in taimaka mata ta shiga, kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Sai ta ja shi cikin mayafi ta rungume a cikinta, ta ba ni na hagu. Na kama. Da ɗan kaushinsa, da gumi a tafin. Ta sunkuya ta shiga, na tattara mata gefen mayafin da ke jan ƙasa, na rufe ƙofar.